Wa Ya Ci Ramar Idrisu?

Duk wanda ya san Challawa ta da, in ya zo yau sai ya nemi ɗan jagora. Inda ake noma dawa da gyaɗa yanzu katanga ce ke bin katanga, majema nan, sito can, tireloli sun yi layi a bakin ƙofa suna huci. Gonar marigayi Malam Inuwa ce kaɗai ta rage a wannan layin, kamar haƙori ɗaya a bakin tsohuwa. 'Ya'ya biyu ya bari, Mustapha da Idrisu, da uwarsu Hajiya Uwani, kuma tun da ya rasu ba a raba gonar ba.

Mustapha shi ne babba, yana da motocin dakon kaya a Dakata. Ba mugu ba ne, kada wani ya je ya ce na ce. Mutum ne dai mai duba abu yadda yake. Ya ce gonar da ke tsakanin katangu ba gona ba ce, fili ne da bai san kansa ba. In an shuka gero, duk tsuntsun Kumbotso a nan yake kalaci, tunda babu wani geron a kusa. Ga wani Alhaji yana son wurin ya gina sito, ya aiko dillali ya fi a ƙirga. Me ake jira?

Idrisu kuwa, autan Hajiya, a Sharada yake aiki, a wani kamfanin saƙa buhun leda. Wuni yake tsaye gaban inji yana ƙulla zaren da ya tsinke, in ya fito kunnensa na ƙugi har gida. Bai iya gardama da yayansa ba, amma duk ranar da aka ta da maganar sayarwa, abinci ba ya yi masa daɗi. Yana son gonar nan. Ya kuma san wadda ta fi shi sonta, sai dai ita ba za ta buɗe baki ba. Mustapha ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce "wancan" ko "yayanka", balle ta zauna ta roƙe shi wani abu.

Ana haka Idrisu ya ji labarin wani sabon kamfani a Bompai da ke neman ɓawon rama. Wai masu sayen riɗi da citta na ƙasashen waje sun fara ƙin buhun leda, buhun algarara suke so, ita kuwa algarara ana iya saƙa ta da zaren rama. Ranar hutunsa ya hau adaidaita ya je. Aka haɗa shi da malamar gona ta kamfanin, Malama Khadija, wata mai maganar a hankali da ba ta son maimaici. Ta ba shi iri a ƙaramin buhu, ta ce:

"Malam Idrisu, abu biyu za ka riƙe. Ka shuka ta a matse, kada ka rage ko ɗaya. Ramar ɓawo in ta ji matsi sai ta miƙe sama neman rana, ba ta tsayawa yin reshe. Na biyu, kada a taɓa kanta. Ranar da aka tsinke kai, tsawo ya ƙare, sai ta bazu, zaren ya fito gutsi-gutsi. Injinmu dogon zare yake ci."

Idrisu ya haddace wannan magana kamar karatun allo. Ranar Juma'a da suka haɗu a gidan Hajiya, ya zayyana wa Mustapha ita kaf, har da nuni da hannu. Mustapha ya saurara yana juya makullin mota.

"Damina ɗaya," in ji shi. "In kamfani ya ɗauki ramarka, na janye maganar sayarwa. In bai ɗauka ba, kaka tana yi a ja igiyar awo a sayar, ka yarda?"

"Na yarda, Yaya."

Hajiya tana can madafi, hayaƙi da ƙarar turmin maƙwabta sun cinye rabin zancen, amma ta ji wurin da ya dame ta. Bayan Mustapha ya tafi ta fito tana goge hannu.

"Auta, ka dage. A gonar nan naƙudarka ta kama ni, ƙarƙashin tsamiyar bakin hanya."

Ruwa ya sauka, Idrisu ya yi huɗa, ya zuba iri a matse kamar yadda aka ce. Cikin 'yan kwanaki gona ta yi kore shar. Sai kuma aiki ya taso a Sharada. Kaka na tafe, kowane ɗan kasuwa yana son buhu tun kafin hatsi ya shigo, kamfani ya soke hutu har na Lahadi. Idrisu ya koma daga ɗaki sai inji, daga inji sai ɗaki. Gona sai a waya.

"Hajiya, yaya ramar?"

"Tubarkalla. Kai dai yi aikinka, ina kula maka da ita."

Wannan amsa ta kwantar masa da hankali ƙwarai. In Hajiya Uwani ta ce tana kula da rama, ai magana ta ƙare. Matar da tun tana budurwa take shuka ta a gefen gona, wadda kwaɗonta ya yi suna daga Challawa har Panshekara.

A daidai wannan lokacin matarsa Rumaisa tana da ƙaramin ciki, irin mai tsirfa. Shinkafa ba ta zama, ƙamshin miya ta da mata zuciya yake, ba abin da take so sai mai tsami. Da labari ya kai wa Hajiya, washegari sai ga Shu'aibu mai adaidaita, maƙwabcin Hajiya, ya yi sallama da kwano ɗaure a ɗankwali. Kwaɗon rama ne, an tafasa ganyen an matse shi sosai, ya sha ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, ga ɗan man gyaɗa yana ƙyalli a sama. Rumaisa ta zauna a dandaryar ƙasa ta cinye tas, ta lashe yatsu, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Daga ranar kwano bai yanke ba. Da Hajiya ta ji Idrisu ma yana sa hannu, sai kwanon ya girma. Ya riƙa ɗiba yana tafiya da shi Sharada, lokacin cin abinci a baje a gindin katanga, 'yan Jigawa da 'yan Nijar su kewaye. Wani abokin aikinsa, Isyaku mutumin Maraɗi, ya ce rabonsa da irin wannan kwaɗo tun da ya bar gaban uwarsa, har idonsa ya kawo ruwa, ya ce yaji ne. Idrisu yana ci yana ba su labarin ramarsa ta Challawa, yadda yanzu ƙila ta wuce tsayin mutum. Ko sau ɗaya bai tambayi kansa daga ina wannan uban ganye yake fitowa ba. Ya san Hajiya tana da 'yan tushe a bayan ɗaki, ya bar ta a haka. Ɗan Adam ke nan, in baki yana jin daɗi, kai hutu yake tafiya.

Sai da damina ta yi nisa aiki ya lafa. Idrisu ya kira Malama Khadija ya ce ta zo ta gani da idonta. Suka haɗu da hantsi a bakin majema, suka taka, yana gaba yana ta zuba. Suna shan kwanar katanga ya tsaya cak.

Rama ta yi kyau, wannan ba ƙarya. Kore ce shar, ganye fala-fala. Amma iyakarta ƙugu. Kowane tushe ya zauna da sararinsa, ya baza rassa ta ko'ina kamar lema. A tsakiyar gonar ga Hajiya Uwani da kwando a gefe, farcen babban yatsanta ya rine kore. Tana ganinsu ta washe baki.

"Lale da baƙi. Auta, ka ga aiki? Shukar da ka yi ai kamar buhun ne ya fashe maka. Na ce yaron nan zaman inji ya mantar da shi noma. Sai da na bi ta layi-layi na rage, sannan na bi ta da tsinkar kai. Dubi yadda ta saki jiki."

Tana faɗa hannunta ya kai kan wani toho, ƙas, ya faɗa kwando. Ita kanta ba ta san ta yi ba.

Idrisu ya dubi kwandon. Ɗanɗanon kwaɗon jiya ya dawo masa a baki. Watanni yana tauna gonar ubansa da haƙoransa, har yana gayyato mutanen Maraɗi su taya shi.

Malama Khadija 'yar mutunci ce. Ta durƙusa ta gaishe da Hajiya, ta yaba ganyen, har ta karɓi wanda aka ƙulla mata a leda. Sai da suka zagaya can ƙuryar gonar, inda katangu biyu suka haɗu, ta tsaya. A wannan lungun rina ta yi gida a jikin bulo, Hajiya ba ta kusantar wurin. Ramar da ke nan ba wanda ya taɓa ta. Ta tashi siririya, miƙe sak, ba reshe, kanta ya leƙa bayan katanga. Malama ta kama guda ta lanƙwaso, ta ɓare ɓawon da farce, ta ja shi tun daga gindi har sama bai tsinke ba.

"Ka ga abin da ƙasarku za ta iya," ta ce a hankali. "Wannan ko a gonar gwajinmu ba mu samu ba. Amma dami nawa ne a nan? Sauran kuwa, ka yi haƙuri, ba za su hau inji ba." Ta ɗan dube shi. "Ba ka gaya mata ba?"

"Ban gaya mata ba."

Ya gaya wa Mustapha. Ya gaya wa Rumaisa. Ya gaya wa Isyaku, har Shu'aibu mai adaidaita ya sha wannan karatu a hanyar Sharada. Mutum ɗaya ya tsallake, wadda gonar ke bayan ɗakinta. Ba mantuwa ba ce tsantsa. Wane ɗa ne zai zaunar da Hajiya Uwani ya ce zai koya mata rama?

A hanyar komawa ya yanke shawara ba zai bari ta sani ba. Da ta tambaye shi abin da baƙuwar ta ce, sai ya ce irin ne bai karɓi wurin ba, ƙila ruwan majema ya yi masa yawa. Haka ya gaya wa Mustapha ma. Mustapha bai yi murna ba, bai kuma yi ta'aziyya ba, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, bayan kaka zai turo dillali.

Amma tsohuwa ba yarinya ba ce. Da rama ta fara fure, ma'aikatan kamfani suka zo da hayaƙi suka kori rinar, suka yanke ta lungu kaɗai, suka ɗaure ta da kyau kamar kayan amarya suka sa a mota. Ko kallon sauran gonar ba su yi ba. Hajiya tana tsaye a inuwar tsamiya tana gani. Ta dubi wadda aka ɗauka, ta dubi wadda aka bari, sannan ta dubi farcenta. Ranar kwano bai je gidan Idrisu ba, bai kuma sake zuwa ba.

Da Idrisu ya zo gaishe ta ranar Juma'a, ya tarar an sare ramar kaf, an ɗaure ta dami-dami an danne da duwatsu a kududdufin bayan gida. Wari ya cika unguwa, har maƙwabta suna cewa yau majema ta sami kishiya. Zuwansa na gaba ta tsame ta, ta ɓare ɓawon da ya ruɓe ya saki, ta wanke, ta shanya a kan danga, zare fari-fari gajeru. Na gaba kuma ya same ta a kan tabarma ta miƙe ƙafa, tana tufka. Tufka aikin tsofaffin maza ne, amma wadda ta yi shekaru tana miƙa wa Malam Inuwa ɓawo ba ta rasa yadda ake murzawa ba.

"Hajiya, me za ku yi da igiya? Ku huta mana."

"Zaman banza ne ba na so."

Ya zauna kusa da ita. Tausayinta ya cika shi, ga haushin kansa, ga kunya. Sau biyu yana buɗe baki ya ce laifinsa ne, sau biyu yana fasawa, don in ya faɗa ya tabbatar mata da abin da yake ɓoyewa. Haka suka yi ta zama, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asirin da duka biyun suka sani.

Kaka ta yi. Wata Asabar da safe Mustapha ya zo da dillali, da wani mutumin Alhaji mai ɗauke da tef na awo. Idrisu ya riga su zuwa, yana tsaye a gonar da ta koma kututture. Ana shirin farawa sai ga Hajiya ta fito da mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba in Mustapha yana wuri. Ta rungumo nannaɗaɗɗiyar igiya. Ba ta dubi ɗan farinta ba, Idrisu ta fuskanta.

"Gaya wa yayanka, alkawari alkawari ne, ba ni da ta cewa. Amma a auna da wannan. Da igiyar rama aka auna wa mahaifinku ita."

Dillali ya fara cewa ai yanzu zamani ya wuce nan, Mustapha ya ɗaga masa hannu.

"Ka kuma gaya masa," ta ci gaba, "iri bai ƙi ba, ƙasa ba ta ƙi ba. Damina ɗaya ya ba ka, ni na cinye maka ita. Ya sani, don kada ya tafi da cewa gonar ce ta gaza."

"Hajiya, ni ne ban..."

"Ba da kai nake ba."

Mustapha ya karɓi igiyar. Ya ba Idrisu bakin ya ce ya riƙe a lungun rina, shi kuma ya nufi hanya yana warwarewa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗaure kaya a bayan mota ya san igiya. Tana bi ta cikin yatsunsa yana jin ta. Igiyar dogon ɓawo sumul take tafiya. Wannan kuwa duk bayan taki sai ya ji ɗan kauri, inda zare ya ƙare aka sa wani aka murza. Taki, haɗi. Taki, haɗi. Tafiyarsa ta riƙa raguwa. Ya waiwaya sau ɗaya, ba fuskarta ya duba ba, hannayenta ya duba, ta kuwa yi maza ta tura su cikin mayafi.

Igiyar ta ƙare an ɗan gota tsakiyar gona. Iyakar abin da ramar ta bayar ke nan. Mustapha ya tsaya da bakin igiya a hannu. Wata tirela ta wuce, ƙasa ta girgiza, ta lafa.

"Idrisu."

"Na'am, Yaya."

"Gaya wa Hajiya, kwanon da Shu'aibu yake kawo min Dakata, ban taɓa mayar da shi da saura ba."

Sai a lokacin Idrisu ya san ashe kwano biyu ke fita daga gidan kullum. Hajiya ta juya kai tana kallon katangar majema kamar yau ta fara ganinta.

Mustapha ya tsinci wani kututturen rama mai kauri, ya kafa a inda igiya ta tsaya, ya taka shi da dunduniya.

"Daga nan zuwa hanya rabona ne, shi zan sayar, don ina da buƙata. Abin da igiya ta rufe ba na kasuwa ba ne."

"Haba Alhaji Mustapha," in ji dillali, "Alhaji fa duka yake so ko ya fasa."

"To ya fasa."

Ya kuwa fasa. Daga baya wani mai gyaran manyan motoci ya sayi gaban. Kada in yi muku daɗin baki, an yi rashi. Tsamiyar bakin hanya tana cikin abin da aka sayar, da sassafe aka sa mata zarto, Hajiya ta wuni a ɗaki ranar, ta ce kanta ke ciwo. Katanga ta uku ta tashi. Gonar Malam Inuwa ta koma sai an bi ta wani siririn lungu kafin a shiga.

Da damina ta zagayo Malama Khadija ta sake ba da iri, ta ce saboda abin da ta gani a lungun rina. Wannan karon Idrisu ya zauna a gaban Hajiya, kansa a ƙasa, ya karanta mata karatun tun daga farko. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, sannan ta ce ashe ramar ma yanzu ta shiga boko. Ya ware mata layi guda a jikin katanga, nata na kwaɗo, ta tsinka yadda ta ga dama.

Wata Lahadi da yamma, ruwa ya ɗauke, ya shigo ta lungun. Rama ta wuce kansa, ta yi duhu, iska na kaɗa ta gaba ɗaya. Ya hango Hajiya tana bin gefen kunya a hankali, tana ɗaga kai tana duban sama. Tana goye da Zaituna, 'yar da Rumaisa ta haifa, hannayenta biyu a baya ta tallafe ta. Rumaisa ta gaya masa kullum haka take, ba ta shiga gonar sai ta aika an kawo mata yarinyar.

"Hajiya, ku kawo ta in riƙe. Ta yi nauyi fa yanzu, bayanku zai yi ciwo."

Ta gyara goyon, ta ƙara sarƙe yatsunta a ƙarƙashin jikar.

"Bar min ita, Auta. In hannuwan nan suna ƙarƙashinta, ba sa zuwa kan ramarka."